Sansanin 'yan gudun hijira ya tsufa: wace hanya ta rage wa gwamnati?

Tambaya: Malam, ina yawan jin labarin sansanonin 'yan gudun hijira da suka shekara ashirin ko talatin, har an haifi 'ya'ya da jikoki a ciki. Idan gwamnati ta ƙudura fitar da mutanen nan daga sansani ta tsugunar da su, waɗanne hanyoyi ne a gabanta, kuma wacce ta fi aiki? Me ma ya hana a kwashe su zuwa ƙasashen masu arziki kowa ya huta?

Amsa: Ɗan'uwa, bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, domin a kanta mutane suka fi ɗora buri, alhali ita ce ƙofa mafi ƙanƙanta. Babu wata doka a duniya da ta wajabta wa wata ƙasa ta je sansani ta ɗebo 'yan gudun hijira ta kai gidanta. Kyauta ce, wanda ya ga dama ya yi, kuma shi ke yanka adadin da yake so. Shi ya sa a kowace shekara waɗanda ke samun wannan dama ba su kai kashi 1 cikin 100 na 'yan gudun hijirar duniya ba. A 2024, wadda shekara ce mai albarka a wannan fanni, waɗanda aka kwashe ba su kai 200,000 ba, yayin da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, ta ƙiyasta masu bukata sun haura miliyan 2.

Kuma ba mutum ne ke cika takarda ya nema ba. Hukumar ce ke zaɓo waɗanda zamansu a inda suke ya fi haɗari: wanda aka azabtar, macen da ba ta da mai tsaya mata, maras lafiyar da babu maganinsa a ƙasar, yaron da ya rabu da iyayensa. Sai ta miƙa sunayen ga ƙasar da za ta karɓa, ita ma ta sake tantancewa daga tushe. Wanda bai taɓa ganin yadda ake yi ba zai ɗauka wasa ne. Za a zaunar da uwa da tafinta a tambaye ta ranar haihuwar kowane ɗa, ita kuwa abin da ta sani shi ne an haife shi shekarar da aka ƙone ƙauyensu. Shi ya sa za ka tarar da dubban 'yan gudun hijira an rubuta musu 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa. Idan sunan yaro a katin rabon abinci ya bambanta da na fayil da harafi guda, fayil ya koma baya. Takardar gwajin lafiya tana da wa'adi na 'yan watanni. Kafin binciken tsaro ya kammala ta mutu, sai a sake. Idan aka haihu a tsakani, sai a buɗe fayil a saka jariri. Shekara biyu ba komai ba ce a wannan layi.

Sannan ƙofar tana buɗewa da rufewa ne da iskar siyasar ƙasar da ke karɓa. Amurka, wadda ta fi kowa ɗiba tun bayan dokarta ta 1980, shugaban ƙasa ne ke yanka adadi duk shekara. Obama ya bar shi a 110,000, Trump ya sauko da shi har 15,000, Biden ya mayar da shi 125,000, a Janairun 2025 kuma aka dakatar da shirin. Gwamnatin da ke da mutum dubu ɗari uku a sansani ba za ta gina tsarinta a kan abin da zaɓen wata ƙasa zai iya rushewa cikin dare ɗaya ba.

Ba wai hanyar ba ta taɓa zazzage sansani ba. Ta yi a Nepal. Mutanen da aka kora daga Bhutan a farkon shekarun 1990 sun zauna a sansanoni a gabashin Nepal, tattaunawar mayar da su ta ci tura, sai daga 2007 ƙasashe takwas suka haɗu suka kwashe sama da 100,000, mafi yawansu zuwa Amurka. Amma ka lura da sharaɗin: adadinsu sananne ne, ba a ci gaba da kwararowa ba, kuma manyan ƙasashe sun yi alkawari na shekaru, ba na shekara guda ba. Inda yaƙin da ya koro mutane bai lafa ba, kana ɗiba wasu na shigowa.

Abu guda da nake ganin ƙasashe masu karɓa ya kamata su kwaikwaya shi ne tsarin Kanada. Tun ƙarshen shekarun 1970 ta ba talakawanta dama, ko mutum biyar ne suka haɗu, ko masallaci ko coci ko wata ƙungiya, su ɗauki nauyin iyali na tsawon shekara guda: haya, abinci, kai yara makaranta, koya musu hawa motar haya da neman aiki. Sama da mutum 300,000 suka shiga ta wannan hanya. Amfaninta ba rage wa gwamnati kashe kuɗi kaɗai ba ne. Baƙon yana sauka da mutanen da suka san sunansa, kuma waɗanda suka ɗauki nauyin nan su ne ke kare shirin ranar da 'yan siyasa suka taso masa. Akwai kuma ƙananan ƙofofi na gurbin karatu, bizar aiki da haɗa iyali. Suna da kyau, amma ɗaiɗaiku suke ɗauka.

Hanyar da kowace gwamnati mai masaukin baƙi ta fi so ita ce a koma gida. Su ma 'yan gudun hijirar galibinsu abin da suke so ke nan, idan gidan ya zaunu. Doka a nan a bayyane take. Sashe na 33 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 kan 'yan gudun hijira ya haramta mayar da mutum inda rayuwarsa ko 'yancinsa ke cikin haɗari, yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 kuma ta ƙara da cewa komawa sai da son ran mai komawa. Yadda aka saba yi shi ne a sa hannu kan yarjejeniya tsakanin ɓangare uku, ƙasar asali da ƙasar mafaka da UNHCR, a tura wakilan 'yan gudun hijira su je su gano wa idonsu su dawo su ba da labari, sannan a ba masu tafiya mota da ɗan kuɗin fara rayuwa.

Mozambik ce misalin da ake bugun ƙirji da shi. Bayan sulhun da aka sa wa hannu a Rum a 1992, kimanin mutum miliyan 1.7 suka koma daga Malawi da Zimbabuwe da sauran maƙwabta cikin 'yan shekaru, da yawansu ma da ƙafarsu, ba su jira motar kowa ba. Dalili kuwa yaƙin ya ƙare da gaske kuma akwai ƙasar noma. Ka kwatanta da 'yan Rohingya a Bangaladash, inda sama da 700,000 suka tsallako daga Myanmar bayan Agustan 2017. Sau biyu aka sa ranar fara mayar da su, a Nuwamban 2018 da Agustan 2019, aka kawo motoci suka jera, babu wanda ya hau. Wa zai koma ƙasar da dokarta ta 1982 ta cire shi daga jerin 'yan ƙasa, kuma sojan da ya kore shi yana nan da bindigarsa?

Inda nake so ka sa ido shi ne kalmar son rai, don ana yi mata fyaɗe ba tare da an ɗaga bindiga ba. A rage rabon abinci, a rufe kasuwar sansani, a sanar cewa nan da wata shida za a rufe wurin, sannan a ajiye tebur a ce duk mai son tafiya ya zo ya dangwala yatsa ya karɓi kuɗi. Mutum ya shiga gaba kura baya sayaki, zai dangwala. A takarda an rubuta ya tafi da son ransa. Sai dai irin wannan komawa ba ta ɗorewa. Kenya ta sa hannu da Somaliya kan mayar da 'yan gudun hijira a 2013, a 2016 ta ce za ta rufe sansanin Dadaab, babbar kotu ta soke matakin a Fabrairun 2017. Dubun-dubata sun koma Somaliya a waɗannan shekaru, amma da fari ya tsananta a 2022 sai ga dubun-dubata sun sake tsallakowa. Sansanin da aka buɗe a farkon shekarun 1990 domin mutum 90,000 yana nan har gobe da ninkin-ba-ninkin wannan adadi. Gwamnatin da ke son komawa ta ɗore, gara ta bar ƙofa a buɗe: magidanci ya je ya duba gonarsa, ya gyara ɗaki, iyali na nan yara na makaranta, ba tare da an soke masa rajista don ya taka iyaka ba. Mutane sun fi yarda su gwada idan sun san gwajin ba zai cinye su ba. A can gida kuma, rikicin da ke jiransu ba ya wuce na fili da gona, domin wanda ya shekara ashirin ba ya nan zai tarar wani ya yi gini ko ya yi shuka a wurinsa. In babu hukumar da za ta raba wannan gardama, an shuka sabon rikici.

To idan ƙofar waje ƙanƙanuwa ce, ta gida kuma makullinta na hannun masu yaƙi, me ya rage a hannun gwamnatin da sansanin ke ƙasarta? Abin da ya rage shi ne wanda ba a son faɗa a gaban masu zaɓe: mutanen nan suna nan, za su daɗe, sai a zaɓa tsakanin su zauna a matsayin masu jiran rabo ko masu neman na kansu. A ganina nan ne ainihin manufar take. Ba inda za a kai mutum ba ne abin fara tambaya, a'a, wace takarda ce a hannunsa kuma me ta halatta masa.

Da an ce a bar su su zauna, sai hankali ya tafi kan ba su takardar zama 'yan ƙasa, sai kowa ya ɗaga murya. Alhali wannan shi ne mataki na can ƙarshe, kuma ba dole ne a kai gare shi ba. Tun kafin nan akwai izinin fita daga sansani ba tare da neman takardar wucewa ba, da izinin aiki da buɗe shago, da katin shaida wanda banki da kamfanin waya za su karɓa, da shigar da yara makarantar gwamnati su rubuta jarrabawar ƙasa. Yarjejeniyar 1951 ta tanadi aiki a sashe na 17 da zirga-zirga a sashe na 26, sai dai ƙasashe da dama sun sa hannu ne tare da togaciya a kan waɗannan sassan. Abin da ke mayar da wuri sansani ba tanti ba ne, hanin fita da hanin aiki ne. Ka ɗage waɗannan biyun, wurin ya zama gari.

Kuma garin ne tun tuni, doka ce kawai ba ta yarda ba. Wani bincike da reshen Bankin Duniya mai kula da 'yan kasuwa ya fitar a 2018 ya tarar da shaguna da sana'o'i sama da 2,000 a sansanin Kakuma na Kenya, da hada-hadar da ta kai dala miliyan 56 a shekara a sansanin da garin da ke gefensa. A Zaatari na Jodan, wanda aka buɗe a 2012 saboda 'yan Siriya, akwai titin kasuwa da za ka samu tun daga mai gyaran waya har mai ba da hayar rigar amarya. Yawancin wannan ciniki ana yin sa ne a rabin ɓoye. Mai shago ba zai iya fita sarin kaya da kansa ba sai ya biya wani, galibi kasuwancinsa ba shi da rajista, gwamnati kuma ba ta samun cikakken haraji.

Yuganda ce ta fi nisa a wannan hanya. Dokarta ta 2006 ta ba ɗan gudun hijira damar aiki da zirga-zirga, ana yanka masa ɗan fili ya yi ɗaki ya yi shuka, yaransa na shiga makaranta ɗaya da 'yan gari, kuma an tsara cewa kashi 30 cikin 100 na ayyukan tallafi su tafi ga masu masauki. Da haka take ɗauke da sama da mutum miliyan 1.5. Amma kada a yabe ta a rufe ido. Da 'yan Sudan ta Kudu suka kwararo daga 2016, aka buɗe matsugunin Bidi Bidi, filin da ake rabawa ya ƙanƙance har ya zama ba ya ciyar da iyali, tallafin abinci kuma aka yi ta zaftare shi saboda masu bayarwa sun ja hannu. A 2018 ma aka gano an kumbura adadi. Da aka sake ƙirga kowa da hoton yatsa da na ƙwayar ido, sai kusan sunaye 300,000 suka ɓace. Darasin shi ne fili kaɗai ba ya raya mutum idan yana nesa da kasuwa da hanya, kuma ba kowane ɗan gudun hijira ne manomi ba. Malamin makaranta ko makaniki da ka danƙa wa fartanya a daji ka ɓata shi ka ɓata filin.

Tanzaniya ta taka mataki na ƙarshen. 'Yan Burundi da suka gudo a 1972 sun zauna a Katumba da Mishamo da Ulyankulu suna noma har suka yi jikoki, a 2014 gwamnatin Jakaya Kikwete ta tabbatar wa kimanin 162,000 takardar zama 'yan ƙasa. Mafi yawansu a nan aka haife su, Swahili suke ji, Burundi a labari suka san ta. Abin da ya jinkirta shirin shekaru shi ne tunanin a warwatsa su zuwa wasu yankuna, wanda su ba su so, yankunan ma ba su so, daga baya aka bar su inda suke. Sannan kuɗin raya yankunan da aka sa rai daga waje bai zo yadda aka zata ba, kuma a 2018 Tanzaniya ta janye daga sabon tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na shigar da 'yan gudun hijira cikin al'umma, tana mai cewa ba za ta ci bashi don ta ɗauki nauyin baƙi ba.

A nan gizo ke saƙar. Ana yawan cewa tsoron tsaro ne ko kishin aiki ke sa gwamnatoci kulle mutane, kuma akwai wannan. Kenya takan kafa hujja da hare-haren al-Shabab, Labanan kuma tana tsoron sauya ma'aunin ɗariku da tsarin mulkinta ya ginu a kai, shi ya sa Falasɗinawa suka shekara sama da 70 a sansanoninta an hana su sana'o'i da dama da mallakar gida. Amma ƙarƙashin wannan akwai lissafin kuɗi. Muddin mutum na cikin sansani, nauyinsa na kan masu agaji: su ke biyan malami, su ke haƙa rijiya, su ke kawo magani. Ranar da ya fita ya saje da jama'a, ya faɗo kan kasafin kuɗin ƙasa, kyamarori su tafi, masu agaji su bi su. Kusan kashi 70 cikin 100 na 'yan gudun hijirar duniya suna ƙasashe ne masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaici. Ministan kuɗin irin wannan ƙasa da ya ƙi buɗe sansani ba lallai mugu ba ne, lissafi ya yi.

Don haka buɗe sansani ciniki ne, kuma gwamnati mai wayo takan yi shi a matsayin ciniki. Jodan ta yi haka a taron Landan na Fabrairun 2016: ta yi alkawarin izinin aiki 200,000 ga 'yan Siriya, aka ba ta tallafi da rance mai sauƙi da sassaucin shigar da kayan masana'antunta kasuwar Tarayyar Turai. Ɓangaren masana'antun bai yi armashi ba, don 'yan Siriya ba su yi rububin aikin ɗinki a wurare masu nisa da ƙaramin albashi ba; izinin ya fara tafiya ne sosai da aka cire kuɗinsa aka kuma daina ɗaure ma'aikacin gona da na gini ga ubangida guda. Bankin Duniya ya ware dala biliyan 2 daga 2017 domin ƙasashe matalauta masu masaukin baƙi. Habasha ta sake dokarta a 2019, Kenya a 2021, kuma a 2025 Kenya ta ƙaddamar da shirin mayar da Dadaab da Kakuma garuruwa ƙarƙashin ƙananan hukumominsu. Kolambiya kuwa ba ta dogara da sansani ba; a 2021 ta ba 'yan Benezuwela izinin zama na shekara 10 da damar aiki. Wa'adin nan mai tsawo shi ne sirrin: mai gida zai ba ka haya, mai kamfani zai koya maka aiki, idan sun san ba wata uku takardarka za ta yi ba.

Akwai wata hanyar da ake kira tsugunarwa alhali ɗauke sansani ne daga nan a kai can. Bangaladash ta fara kwashe 'yan Rohingya zuwa tsibirin Bhasan Char a Disamban 2020. Ginin siminti ne, amma teku ta zama shinge. Ostireliya ta kai masu neman mafaka ƙasar Nauru da tsibirin Manus na Papua New Guinea, har kotun ƙolin Papua New Guinea ta ce tsarewar da ake yi a Manus ta saɓa wa tsarin mulki a 2016. Birtaniya ta ƙulla da Ruwanda a 2022, kotun ƙolinta ta ce shirin ya saɓa wa doka a 2023, sabuwar gwamnati ta soke shi a 2024 bayan an kashe ɗaruruwan miliyoyin fam. Ba na ƙirga waɗannan cikin mafita. Tsada gare su, kuma mutumin yana nan yadda yake, ba aiki, ba fita.

Da za a tambaye ni ta ina gwamnati za ta fara, sai in ce da ƙirga na gaskiya, tare da tambayar kowane gida abin da yake so da abin da ya iya, domin sansani guda ba mafita guda gare shi ba. Tsohon da ke mafarkin gonarsa daban, jikansa da bai taɓa ganin ƙasar ba daban, matar da wanda ya kashe mijinta ke zaune layi biyu da ita kuma ita ce ya kamata a ajiye wa gurbin ƙasar waje. A ba kowane yaron da aka haifa a sansani takardar haihuwa, don rashinta ne ke haifar da mutanen da babu ƙasar da ta san da su. A gyara doka, a kuma tabbatar ɗan sandan da ke shingen hanya da ma'aikacin banki sun san an gyara, don dokoki da yawa sun mutu a tsakanin majalisa da teburin ƙaramin ma'aikaci. A faɗaɗa makaranta da asibiti da ruwan 'yan gari tukuna kafin a buɗe ƙofa, in ba haka ba ɗan gari zai ga baƙo ne ya ƙara masa tsawon layi. Kuɗin da za a karɓo daga waje kuma a nemi na shekaru biyar ko goma a rubuce, ba na shekara-shekara ba.

Kada kuma a fara da sanar da ranar rufe sansani. Sanarwar na sa masu agaji su daina gyaran famfo da aji, ta sa mutane su ɓuya daga rajista, kuma idan ranar ta zo ta wuce gwamnati ce ke jin kunya. A tanadi kuma abin da za a yi da ragowa, don kowane shiri yana barin wasu: waɗanda ƙasar waje ta ƙi, tsofaffin da suka ƙi tafiya, waɗanda suka auri 'yan gari. A Nepal, bayan an kwashe sama da dubu ɗari, 'yan dubbai sun rage, tallafi ya janye, Bhutan ba ta karɓe su ba, Nepal kuma ba ta ba su takardar zama 'yan ƙasa ba. Makomar irin waɗannan ya kamata a rubuta ta cikin yarjejeniya tun ranar farko, lokacin da ƙasashe masu karɓa ke zaune a teburin kuma suna da dalilin saurare.